Kutsen XSS: Yadda Rubutu Ke Rikiɗewa Ya Zama Umarni A Shafukan Intanet Da Manhajojin Kwamfuta

Ranar Laraba, 11 ga Yunin 2014, ana gobe za a buɗe gasar cin kofin duniya a Brazil, masu amfani da manhajar TweetDeck suka ga abin mamaki. Wani gajeren saƙo mai cike da alamomi marasa kan gado, da ɗan hoton zuciya a ƙarshensa, ya riƙa yaɗa kansa da kansa. Mutum bai latsa komai ba, bai buɗe wata rariya ba, bai ba kowa kalmar sirrinsa ba. Da zarar saƙon ya bayyana a fuskar kwamfutarsa, sai asusunsa ya sake tura shi ga mabiyansa. Kafin a farga an sake tura shi sau dubun-dubata, har da asusun labaran gaggawa na BBC mai mabiya sama da miliyan 10. Dole kamfanin Twitter ya rufe TweetDeck na ɗan lokaci don ya toshe kafar.

Wanda ya fara gano kafar wani ɗalibi ne ɗan shekara 19 a ƙasar Austriya, kuma ba kutse ya fita yi ba. Wasa yake yi da alamar zuciya a saƙonninsa, sai ya lura cewa idan alamar tana cikin saƙo, TweetDeck na daina ɗaukar sauran rubutun a matsayin rubutu, tana aiwatar da shi a matsayin umarni. Ya sanar da kamfanin, amma labarin ya riga ya fita, wasu kuma suka yi amfani da shi.

Wannan nau'in rauni shi ake kira Cross-Site Scripting, a taƙaice XSS. An sa harafin X ne a farko saboda taƙaitaccen sunan CSS ya riga ya zama na wata fasaha daban, wadda ake ƙawata shafuka da ita. Injiniyoyin Microsoft ne suka raɗa masa sunan a farkon shekarar 2000, kuma har yau bai tsufa ba: a jerin raunukan manhaja 25 mafi haɗari da cibiyar MITRE ta Amurka ta fitar a 2024, shi ne na ɗaya.

Yaron shago da littafin maigida

Shafin intanet ba hoto ba ne da aka ɗauko aka liƙa a fuskar waya. Rubutu ne da uwar garke ke aikowa, burauza kamar Chrome ko Firefox ta karanta, ta gina abin da ido ke gani. A cikin rubutun akwai abin da aka yi don a nuna wa mutum, akwai kuma umarnin da aka yi don burauzar kanta. Harshen HTML ne ke tsara fasalin shafi, yana amfani da alamomin < da > wajen keɓe umarni. Harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, shi ke ba shafi rai: shi ke tura saƙo idan an latsa maɓalli, shi ke ɗauko sababbin hotuna yayin da mutum ke jan shafi ƙasa, shi ke cike fom ya aika.

Matsalar ita ce duka biyun, wato bayani da umarni, ta bututu ɗaya suke zuwa, a cikin takarda ɗaya. A ɗauki misalin yaron shago da maigidansa ya ce masa duk abin da ya gani rubuce a littafin shago ya aiwatar. A littafin akwai gurbin da masu sayayya ke rubuta sunayensu. Sai wani ya zo, ya rubuta sunansa, ya ƙara a ƙasa da cewa a ba mai wannan suna buhun shinkafa biyu. Yaron bai san hannun maigida daga na baƙo ba. Abin da ya sani kawai shi ne rubutun yana cikin littafin maigida, don haka sai ya ɗauko buhunan.

Burauza ita ce yaron. Duk shafin da ke karɓar rubutu daga jama'a ya nuna wa wasu, ko sharhi ne, ko sunan mai asusu, ko akwatin bincike, yana da irin wannan gurbi. Idan masu shafin ba su tsarkake rubutun kafin su nuna shi ba, mai kutse zai iya cusa umarnin JavaScript a ciki, burauzar duk wanda ya buɗe shafin kuma ta aiwatar.

Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari shi ne wata tsohuwar ƙa'idar tsaro da ake kira ƙa'idar tushe ɗaya. Burauza ba ta barin umarnin da ya fito daga wani shafi ya leƙa bayanan wani shafin daban. Shi ya sa mutum zai iya buɗe shafin bankinsa a gefe, ya buɗe shafin kallon ƙwallo a wani gefen, ba tare da na biyun ya karanta na farkon ba. XSS ba ya fasa wannan katanga. Zagaye ta yake yi. Tunda mugun umarnin ya zo ne a cikin shafin da aka amince da shi, burauza na ba shi duk damar da take ba mai shafin. Zai iya karanta abin da ke kan shafin, ya tura saƙo da sunan mai asusu, ya naɗi abin da ake bugawa a allon rubutu, ko ya zana akwatin shiga na bogi a kan shafin gaskiya. Zai kuma iya sace kuki, wato ɗan guntun bayanin da shafi ke ajiyewa a na'ura don ya gane cewa mutum ya riga ya shiga. Wanda ya mallaki wannan kukin yakan shiga asusu ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

A nan ne shawarwarin da aka saba ba jama'a ke gazawa. Ana cewa a duba adireshin shafi, a tabbatar akwai alamar kwaɗo a gefensa. A harin XSS adireshin daidai yake, kwaɗon ma yana nan, domin shafin na gaske ne. Ko tantancewa mai mataki biyu, duk da muhimmancinta, ƙofar shiga take tsarewa, shi kuwa wannan ɓarawon a cikin ɗaki ya sami mutum bayan an riga an buɗe.

Samy da abokai miliyan ɗaya

Labarin da ya fi kowanne shahara ya faru ne a watan Oktoban 2005 a MySpace, dandalin sada zumunta mafi tashe a Amurka a wancan lokaci. Samy Kamkar, matashi ɗan shekara 19, ya so ya burge abokansa. MySpace na barin mutane su ƙawata shafukansu da ɗan HTML, amma sun kafa matata da ke cire kalmomi masu haɗari, ciki har da kalmar javascript kanta. Sai Samy ya raba kalmar gida biyu, ya sa java a layi ɗaya, script a layi na gaba. Matatar ba ta ga kalmar da take nema ba, ta bari ya wuce. Wasu burauzoji kuwa, musamman Internet Explorer, sukan haɗe guntayen su karanta su a matsayin kalma ɗaya.

Umarnin da ya dasa yana yin abu uku. Duk wanda ya buɗe shafin Samy, asusunsa zai aika wa Samy buƙatar abota, a rubuta a shafinsa cewa Samy ne gwarzonsa, sannan umarnin ya kwafi kansa zuwa shafin sabon mutumin. Na ukun ne ya jawo bala'i, domin kowane wanda ya kamu ya zama mai yaɗawa. Cikin kimanin awa 20 an sami asusu sama da miliyan ɗaya da suka kamu, sai da MySpace ya rufe dandalin don ya yi shara. Samy bai saci ko sisi ba, amma hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 2007 ya amsa laifinsa a kotu, aka sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara uku tare da taƙaita masa amfani da kwamfuta, da aikin al'umma na kwana 90, da biyan diyya. Daga baya ya zama sanannen mai binciken tsaron na'urori.

Darasin da masu gina manhaja suka ɗauka daga nan shi ne cewa jera haramtattun kalmomi ba ya tsare gida. Hanyoyin rubuta umarni ɗaya sun fi ƙarfin lissafi, kuma mai kutse guda ɗaya kawai yake buƙata wadda aka manta.

Irin na Samy da na TweetDeck shi ake kira ajiyayyen XSS, domin mugun rubutun na zaune a rumbun shafin yana jiran duk mai zuwa. Akwai wanda ake ɓoyewa a cikin rariya, a turo wa mutum ta saƙo. Idan ya latsa, shafin gaskiya ya maido masa da rubutun, burauzarsa ta aiwatar. Akwai kuma wanda ko uwar garke ba ya kaiwa, a cikin burauza ake ƙulla shi a gama. Na huɗun ya fi ban takaici: a yaudari mutum ya kwafi umarnin da hannunsa ya liƙa a burauzarsa, da alƙawarin zai ga masu leƙa shafinsa ko zai buɗe asusun wani. Da irin wannan dabara aka cika Facebook da munanan hotuna a watan Nuwamban 2011. Shi ya sa har yau wanda ya buɗe sashen masu gina manhaja na burauza a kan Facebook zai ci karo da gargaɗi da manyan jajayen baƙaƙe.

Idan shafi ya fita daga burauza

Duk ɓarnar da aka ambata a sama tana da iyaka. Burauza na tsare kowane shafi a cikin wani keji, ba ya iya buɗe fayilolin da ke kwamfuta, ba ya iya kunna wata manhaja. Mai kutse zai iya cin asusu, amma na'urar kanta tana nan lafiya. Lamarin ya canza ne lokacin da kamfanoni suka fara gina manhajojin kwamfuta da kayan gina shafi.

A tsakiyar shekarun 2000 aka yi yayin wijet, wato 'yan ƙananan manhajoji da ke zaune a gefen fuskar kwamfuta suna nuna agogo, yanayin gari, farashin hannun jari ko kanun labarai. Apple ya kawo Dashboard a 2005. A shekarar ce Yahoo ya sayi Konfabulator ya mai da shi Yahoo Widgets. Microsoft kuma ya zo da nasa, Gadgets, a cikin Windows Vista. Akasarinsu da HTML da JavaScript aka yi su, don haka duk wanda ya iya gina shafi zai iya haɗa wijet cikin yini ɗaya. Wannan sauƙin shi ne abin tallar, shi ne kuma matsalar. Wijet shafi ne da aka fitar daga keji aka ba shi makullan gida: yana iya karanta fayil, yana iya kunna manhaja, kuma aikinsa na kullum shi ne ɗauko rubutu daga intanet ya nuna.

A watan Agustan 2007, watanni kaɗan bayan fitowar Vista kasuwa, Microsoft ya fitar da gyara mai lamba MS07-048 kan wijet uku da shi da kansa ya gina: na kanun labarai, na adireshin abokan hulɗa, da na yanayi. A na kanun labarai, idan mutum ya yi rajista da wata kafar labarai da mai kutse ya gurɓata, kanun labarin da ya shigo zai iya zama umarnin da ke gudana a kwamfutar da cikakken ikon mai ita. Idan kamfanin da ya ƙera tsarin ya yi wannan kuskure, sai a ƙiyasta abin da ke cikin dubban wijet da ɗaiɗaikun mutane suka rubuta ba mai duba su. A shekarar ce kuma kamfanin tsaro na Watchfire ya bayyana wata kafar XSS a Google Desktop, manhajar da ke bincike cikin fayilolin kwamfuta, wadda za ta iya ba baƙo damar yin binciken daga nesa.

Microsoft ya yi ta faci har ya gaji. A watan Yulin 2012, gab da taron tsaro na Black Hat inda masu bincike biyu, Mickey Shkatov da Toby Kohlenberg, za su baje kolin raunukan Gadgets, kamfanin ya shawarci masu Vista da Windows 7 su kashe tsarin gaba ɗaya, ya kuma ba su kayan kashewa. Windows 8 ya fito babu shi. Ba kasafai ake ganin kamfani ya ce maganin kayansa shi ne a daina amfani da shi ba.

Wijet na wancan zamani sun tafi, amma dabarar gina su ta dawo da ƙarfinta. Manhajojin kwamfuta da yawa a yau, irin su Discord, Slack, Signal da Visual Studio Code, an gina su ne a kan Electron, wani tsari da ke naɗe shafin intanet da injin Chromium ya mai da shi manhaja. Kamfani ya rubuta abu sau ɗaya ya yi aiki a Windows da Mac da Linux, riba ke nan. Sai dai duk XSS da aka samu a irin wannan manhaja yana iya tsallakawa daga asusu zuwa na'ura idan ba a ɗaure saitunan da kyau ba.

Misalin da ya fi kusa da masu karatu shi ne na WhatsApp. A watan Fabrairun 2020 wani mai bincike, Gal Weizman na kamfanin PerimeterX, ya bayyana abin da ya gano a WhatsApp na kwamfuta, wanda a lokacin kan Electron yake. Idan mutum ya tura rariya a WhatsApp, wani ɗan akwati kan fito da sunan shafin da hotonsa. Weizman ya lura cewa a ɓangaren mai turawa ake haɗa wannan akwati, don haka mai turawa zai iya sauya abin da ke ƙarƙashinsa, akwatin ya nuna sanannen shafi alhali abin da ke ciki daban ne. Daga nan ya kai ga cusa JavaScript. Sannan ya tarar manhajar na tafiya ne da tsohon injin Chromium, zubi na 69, wanda ba shi da kariyar da sababbin suka samu. Ƙarshenta ya nuna cewa latsa akwatin sau ɗaya ya isa a karanta fayilolin da ke kan kwamfutar. An ba raunin lamba CVE-2019-18426, kuma an toshe shi kafin a bayyana. Abin lura shi ne ɓoye saƙo daga baki zuwa baki da WhatsApp ke alfahari da shi bai hana komai ba a nan, domin saƙon ya iso lafiya, bayan an buɗe shi ne ya yi aikinsa. Signal na kwamfuta ma ya gamu da makamancin haka a watan Mayun 2018, aka gyara cikin gaggawa.

Ina ruwan mai waya?

Ruwansa da yawa. Manhajojin waya da dama, daga na sayayya zuwa na labarai, shafukan intanet ne sanye da rigar manhaja. A Android wani sashe mai suna WebView ne ke nuna su, shi ne kuma ke aiki a manhajoji da yawa idan an latsa rariya shafi ya buɗe ba tare da an fita daga manhajar ba. Masu gina manhaja kan yi gada tsakanin shafin da wayar, don JavaScript ya iya kiran kyamara ko ya adana fayil. Kafin Android 4.2, wannan gada a buɗe take sosai, har mugun umarnin da ya shigo ta cikinta na iya gudanar da abin da ya ga dama da duk izinin da manhajar ke da shi. Tarihin wijet ne ya maimaita kansa a cikin aljihu.

Tun daga Android 5.0 a 2014, Google ya raba WebView da babbar manhajar waya, ya mai da shi abin da ake sabuntawa ta Play Store da sunan Android System WebView. Mutane da yawa kan ga sunan a jerin abubuwan da ke jiran sabuntawa, su tsallake shi don tsimin data, ko don ba su san amfaninsa ba. A gaskiya yana cikin abubuwan da suka fi cancantar a kashe wa data, shi da burauza, fiye da sabon zubin kowace manhajar tace hoto.

Dole a faɗi gaskiya cewa kaso mafi girma na maganin XSS ba ya hannun mai waya. Aikin masu gina manhaja ne, kuma hanyar sananniya ce. Kafin a nuna duk rubutun da ya fito daga waje, sai a sauya alamomin umarni zuwa siffar da burauza za ta nuna kawai ba ta aiwatar ba; alamar < misali a rubuta ta &lt;. Tun 2002 akwai tambarin HttpOnly da ke hana JavaScript taɓa kuki. Akwai tsarin Content Security Policy da ke ba shafi damar gaya wa burauza daga ina kaɗai za ta karɓi umarni. Kayan gini na zamani irin su React suna tsarkake rubutu da kansu, wanda ya so ya kauce kuwa sai ya yi amfani da wani umarni da aka sa wa kalmar haɗari a cikin sunansa da gangan. Matashin da ke koyon haɗa shafuka a yau ba shi da uzurin da mutanen MySpace ke da shi a 2005. A watan Satumban 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, tare da FBI sun fitar da sanarwa suna kiran shugabannin kamfanonin fasaha da su kawar da wannan rauni daga kayansu, bisa hujjar cewa abu ne da ake iya kaucewa tun wajen gini.

Abin da ya rage wa mai amfani kaɗan ne, amma yana rage asara. Rariyar da ta zo da doguwar jela cike da alamomin % da baƙaƙe barkatai, musamman daga baƙo ko a guruf, ba a gaggawar latsa ta ko da farkonta sunan sanannen shafi ne. Ba a liƙa wani rubutu a burauza don wani ya ce zai kawo data kyauta ko ƙarin mabiya. Idan shafin da aka riga aka shiga ya sake neman kalmar sirri ba gaira ba dalili, gara a rufe shi a sake buɗewa ta hanyar buga adireshin da hannu. Wanda ya yi amfani da WhatsApp ko imel a kwamfutar shagon intanet ko ta aboki, ya fita daga asusun kafin ya tashi, domin kukin da aka soke ba shi da amfani ga wanda ya sace shi. Manhajojin WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, da ƙarin kayan burauza da ba a san mai su ba, su ne wijet na wannan zamani: suna da iko mai yawa, babu mai duba su.

Idan kuma asusu ya fara tura abin da mai shi bai rubuta ba, canza kalmar sirri kaɗai ba lallai ya wadatar ba. A Facebook, Instagram da Google akwai sashe a saitunan tsaro da ke nuna duk na'urorin da asusu ke buɗe a kansu, tare da damar fitar da su. A WhatsApp sashen na'urorin da aka haɗa ne ke nuna haka. Nan ya kamata a fara dubawa, a fitar da duk na'urar da ba a gane ba, sannan a canza kalmar sirri. Ranar da abin TweetDeck ya faru ma, umarnin farko da kamfanin ya ba jama'a shi ne kowa ya fita daga manhajar ya sake shiga.